Ba fararen ƙwayoyin jini kaɗai ke kare jiki ba

Da an ce garkuwar jiki, sai hankalin mutane ya koma kan fararen ƙwayoyin jini, kamar su kaɗai ne sojoji. Alhali a ruwan jini akwai furotin sama da 30, mafi yawansu hanta ce ke ƙera su, likitoci suna kiransu kwamfilimen. Jules Bordet, wani masanin kimiyya ɗan Beljiyam, ya lura cewa idan aka ɗumama ruwan jini, sai ya kasa kashe bakteriya ko da antibodi, wato furotin da jiki ke ƙerawa don gane ƙwayar cuta, na nan. Wani abu zafin ya lalata, wato kwamfilimen.

Har sunan ma ya rage musu daraja, don ma'anarsa ciko ne. To ai ba kullum suke jiran antibodi ba. Ɗaya daga cikinsu mai suna C3 yakan tsage da kansa, ɓangarensa ya manne a jikin ƙwayar cuta kamar shaidar da ake wa dabba, farar ƙwaya ta gani ta haɗiye. Waɗanda ake kira C5 zuwa C9 kuwa haɗuwa suke su huda fatar ƙwayar, ruwa ya kwarara ciki, ta fashe.

Wanda aka haifa babu waɗannan na ƙarshe, sanƙarau kan yi ta dawo masa, ko da fararen ƙwayoyinsa lafiya lau suke.