Waiwaye: Yadda Ake Auna Haɗewar Nukiliya A Wutar Lesa

A ranar 5 ga Disamban 2022, cibiyar NIF da ke Livermore a Amurka ta haska lesa 192 cikin wani ɗan bututu mai ɗauke da ƙwanson makamashi don haddasa haɗewar nukiliya, wato haɗewar cibiyoyin ƙwayoyin zarra biyu su zama ɗaya. Ta zuba megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 aka samu 3.15. Haɗewar kanta ba ta ɗauki kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba. To, ta yaya aka auna shi?

Ba wutar ake aunawa ba, abin da ya tsere daga cikinta ake ƙirgawa. Duk lokacin da ditiriyam da tiritiyam, nau'o'in haidirojin masu nauyi, suka haɗe, niyutiron ɗaya, wato ƙwaya marar cajin lantarki, ke fita da ƙarfin miliyan 14.1 na ma'aunin elektron-bolt. Sai a ajiye faifan jan ƙarfe ko zirkoniyam a hanyarsu. In niyutiron ɗin sun bugi faifan, sai ya koma mai fitar da tururin nukiliya, daga yawan tururin a lissafo yawansu.

Sai dai adadi kaɗai ya taɓa kunyata masana. A 1958 Birtaniya ta yi shelar cewa na'urarta ZETA, wadda ba ta lesa ba ce, ta samar da niyutiron na haɗewa saboda zafi. Bayan 'yan watanni aka janye maganar. Niyutiron ɗin na gaske ne, amma wasu ƙwayoyi da lantarki ya ingiza ne suka haifar da su. Shi ya sa da tawagar Nikolai Basov ta sanar a 1968 cewa ta ga niyutiron daga filasmar lesa (iskar gas mai tsananin zafi da lesa ta haifar) a Mosko, tambayar asalinsu ta biyo baya. Kamfanin KMS Fusion na Michigan ne, a 1974, ya fitar da su ta hanyar matse ƙwanso da lesa.

Maganin shakkar shi ne agogo. Ana kafa na'ura nesa da wurin, a duba lokacin isowar niyutiron. Tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya ita ke fallasa zafin filasmar, domin zafi ne ke bambanta gudunsu.

Inda har yau ake ja-in-ja shi ne haɗewar furoton da boron, wadda ƙwayoyin alfa, wato cibiyoyin zarrar hiliyam, take fitarwa maimakon niyutiron. Nan roba mai suna CR-39 ake sawa, a jiƙa ta a sinadarin soda mai zafi, a ƙirga ramukan da madubin ƙara girma. Matsalar kuwa, furoton da ƙwayoyin kabon ma suna barin ramuka masu kama da na alfa. A ganina, duk adadin da aka samo daga robar nan kaɗai, a jira wata na'urar ta gaskata shi tukuna.