Lamba Mai Ɗigo a Na'urar PLC

Lamba mai ɗigo, irin 23.7 ko 0.05, da ita na'urar sarrafa injinan masana'anta, wato PLC, ke riƙe awon zafi, nauyi da yawan ruwan da ke bi ta bututu. Ƙa'idar tsara aikin PLC, wato IEC 61131-3, wadda ta fito a 1993, ta tanadi iri biyu: REAL mai bit 32 da LREAL mai bit 64 (bit shi ne wuri guda a ma'ajiya da ke riƙe 0 ko 1). Yadda ake jera su a ma'ajiya kuwa, tsarin IEEE 754 na 1985 ake bi.

A cikin REAL, bit ɗaya ke nuna ko lambar tana ƙasa da sifili, 8 na nuna girmanta, sauran 23 kuma su ne alkalumanta. Tana kaiwa wajen 3.4 × 10^38, amma alkaluma kusan bakwai kaɗai take riƙewa daidai. LREAL tana riƙe 15 zuwa 16.

Da alkaluma biyu kaɗai, 0 da 1, na'ura ke ƙirga, shi ya sa 0.1 ba ta zauna mata cif-cif. Abin da REAL ke ajiyewa kusan 0.1000000015 ne. Allon ma'aikaci zai nuna 0.10, don wanda ya tsara shi gurbi biyu ya zaɓa bayan ɗigo, amma wannan ɗan rarar na nan a ciki. Saboda haka kuskure ne a ce injin ya tsaya sai awo ya yi daidai da 0.1, a ba shi ɗan tazara sama da ƙasa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen tara jimilla. Idan mitar ruwa na ƙara lita 1 a kan REAL, da ta kai 16,777,216 shi ke nan, ƙarin ba ya shiga. Famfo na aiki, ruwa na wucewa, lamba ta tsaya cak, kuma ba ƙararrawar da za ta kaɗa. In ƙarin bai kai lita ba, tun kafin nan yake fara salwanta. Maganinsa a tara da LREAL, ko a ƙirga da cikakkiyar lamba irin DINT.

Akwai kuma Modbus, tsarin da na'urori ke aika wa juna bayanai da shi, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979. Gurbinsa na ajiye lamba bit 16 ne, don haka REAL ɗaya gurbi biyu take ci, kuma kamfanoni sun saɓa kan wanda ke gaba. In aka juya su, 1.0 sai ta koma kusan 2.3 × 10^-41, allo ya nuna 0.00, alhali na'urar awon lafiyarta ƙalau.