An ajiye bulala a firamare: abin da iyayen Zango ke tambaya a Kumasi

Malam, da gaske ne an hana dukan yara a makaranta?

Da gaske ne. Hukumar ilimi ta Gana, wato GES, ta hana bulala tun 2017, a 2019 kuma ta umarci malamai su koma ladabtarwa ba tare da duka ba. Makarantun Islamiyya da ke ƙarƙashin hukumar su ma umarnin ya hau kansu. Ko ana bin sa a ko'ina, wannan wata magana ce.

To da me za a gyara yaro? Mu ai da bulala aka raine mu.

Haka ne, Baba, amma a tuna da abokan karatun da bulalar ta kora daga aji, ba su sake komawa ba. Yanzu malami da yara ne ke tsara dokokin aji tare, a rubuta a manna a bango. Wanda ya karya a yi masa gargaɗi, ya sake a canja masa wurin zama, in ɓarna ya yi ya gyara da hannunsa, in abin ya ƙi ci a kira iyaye. Wannan ya fi ɗaga sanda wuya nesa ba kusa ba, balle a ajin da ya cika maƙil. Don haka malamin da ke yinsa ba sakaci yake ba.

Me ke hana yaro sakewa a aji?

Yunwa ce kan gaba. Tun 2005 ake da shirin ciyar da 'yan makaranta, sai dai bai kai kowace makaranta ba. Yaron da ya fito daga unguwar Aboabo ko Sawaba ko koko da ƙosai bai sha ba, kafin ƙarfe 10 za ka ga ya kifa kai a kan tebur, a ce masa rago. Sai gajiya: boko da safe, allo da yamma, wata kuma ga talla a tsakani.

Akwai kuma harshe, wanda ba a cika kula da shi ba. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, a Kumasi Twi da Turanci ake yi. Yarinya 'yar aji ɗaya da ta san amsa da Hausa sai ta yi shiru, a ɗauka ba ta ganewa. Malami mai lura zai zaunar da ita kusa da wadda ke jin harsunan biyu.

Tsokana fa? Ai halin yara ne.

Wasa wasa ne in kowa na dariya. In kullum yaro ɗaya ake wa ba'a da yagaggen yunifom ko garin iyayensa, har ya fara ƙirƙiro ciwon ciki da safe, ya tashi daga wasa. Hajiya, kada a ce masa "je ka rama". A tambaye shi wa yake zama da shi lokacin cin abinci.

Wa za mu kai wa kuka?

Malamin aji tukuna, sannan shugaban makaranta da kwamitin gudanarwa, wanda iyaye ke da wakilci a ciki. In ba a ga canji ba, 'yan Asawase da Aboabo su nufi ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Asokore Mampong. In kuwa an ji wa yaro rauni ko an ci zarafinsa, asibiti za a fara zuwa, daga nan DOVVSU, sashen 'yan sanda da ke kula da rikicin cikin gida da tallafa wa waɗanda aka ci zarafinsu.