Fanshon Ma'aurata a Tsarin Social Security na Amurka

Fanshon ma'aurata kaso ne da gwamnatin Amurka ke biyan matar ma'aikaci, ko mijin ma'aikaciya, bisa harajin da mai aikin ya zuba, ko da ɗayan bai taɓa yin aikin albashi ba.

Tarihi

Dokar Social Security, wato tsarin fansho na gwamnatin Amurka, da Shugaba Franklin Roosevelt ya sa wa hannu a 1935 ma'aikaci kaɗai ta sani. Sai a gyaran 1939 aka shigar da matan aure, da waɗanda mazansu suka rasu, da 'ya'ya. Maza sun shigo a 1950, amma da sharaɗin nuna cewa matar ce ke ɗauke da nauyinsu, har Kotun Ƙoli ta rushe sharaɗin a 1977. An yarda mata su fara karɓa tun suna da shekara 62 a 1956, maza kuma a 1961.

Lokacin nema

Ga wanda aka haifa daga 1960 zuwa yau, shekara 67 ce ta cikakken fansho. Wanda ya nema a 62 ana zabtare masa kashi 30 cikin 100 har iya rayuwarsa. Wanda ya jinkirta bayan 67 yana samun ƙarin kashi 8 kowace shekara, zuwa 70. Mai haƙƙin dala 2,000 a wata a 67 ke nan zai karɓi 1,400 a 62, ko 2,480 a 70.

Matarsa ba ta wuce rabin cikakken haƙƙinsa: dala 1,000 idan ta kai 67, 650 idan ta nema a 62. Jinkirin mijin ba ya ƙara mata komai, kuma ba ta karɓa sai shi ya nema.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan rasuwa. Kuɗin biyu ba sa haɗuwa. Mafi tsoka ne kawai ke ci gaba da zuwa. Mijin da ya yi gaggawar nema ya bar wa matarsa ƙaramin kaso, mai yiwuwa na shekaru masu yawa. Shi ya sa ake shawartar mai babban albashi ya jinkirta, ɗayan ya fara karɓar nasa.

Saki

Auren da ya kai shekara 10 yana ba da haƙƙi, muddin mai nema bai sake aure ba.

Gyaran 2015

Ya toshe dabarar karɓar kason aure kaɗai ana barin fanshon aikin kai yana ƙaruwa, ga waɗanda aka haifa bayan 1 ga Janairu 1954.