Idan Iska Ta Kifar da Ƙaramin Jirgi Tun Bai Tashi Ba, Me Doka Ta Ce?

Mutanen Aboabo da Sawaba sun san guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko a Kumasi, wajen Maris da Afrilu, mai yaye kwanon rufi. Ita ce ke ratsa filin jirgin sama na Prempeh I da ke maƙwabtaka da su. Babban jirgi yana iya jure mata. Amma ƙarami irin Cessna 172, wanda da mutane da kaya bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, in ta bugo shi ta baya a kaikaice yana gangarawa titin tashi, sai ta shiga ƙarƙashin fiffike da wutsiya ta ɗaga shi, ya dungura da hanci.

Da yawa suna ɗauka tunda taya ba ta bar ƙasa ba, ba hatsarin jirgi ba ne. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda Ghana ke bi, ta fara ƙirge ne daga lokacin da mutum ya shiga jirgi da niyyar tashi har sai kowa ya sauka. A tsakanin nan, in wani ya rasu, ko ya ji rauni mai tsanani, ko ginin jirgin ya lalace sosai, hatsari ne. Rauni mai tsanani ya haɗa da karayar ƙashi, ban da ƙaramar karayar yatsa ko hanci, da kwanciyar asibiti fiye da awa 48 da ta fara cikin kwana 7 da jin raunin. Fashewar taya kaɗai ko gogewar bakin fiffike ba su kai nan ba.

Wanda ke bincike a Ghana shi ne ofishin binciken hatsarin jirage da doka mai lamba 1028 ta kafa a 2020. Wajibi ne a sanar da shi. Bayan ceton rai da kashe wuta, ba a ja jirgin a ɓoye shi a rumfa sai masu bincike sun ba da izini, domin shatin taya da yadda jirgin ya kwanta su ke nuna ta inda iska ta bugo.

Abin da na fi so iyayen yaranmu masu sha'awar tuƙin jirgi su sani shi ne, wannan bincike ba na neman mai laifi ba ne, manufarsa kawai a hana maimaituwa. Ɓoyewa cutar da matuƙi na gaba ne.

Hasumiyar filin, mai ba jirage umarni, tana faɗin ƙarfin iska da inda ta fito, ta ba da izinin gangarawa titin tashi. Shawarar motsawa ko dakatawa kuwa, doka ta ɗora ta a wuyan matuƙi, kuma yana da ikon cewa ba zai motsa ba sai hadari ya wuce.