Wutar da ake samu daga iskar gas: shin da gaske ba ta gurɓata yanayi?

Daga ina wutar Najeriya take zuwa?

Mutane da yawa a Arewa sun ɗauka daga Kainji da Shiroro take. Madatsun ruwan suna bayar da nasu kaso, amma mafi yawan wutar babban layin ƙasa daga tashoshin gas take fitowa, irin su Egbin a Legas mai ƙarfin megawat 1,320, da Geregu a Kogi, da Afam a Ribas. Maiduguri ma ta samu tata mai megawat 50 a 2023, bayan 'yan ta'adda sun karya turakun wuta sun bar garin cikin duhu.

To gas ɗin yana fitar da hayaƙin kabon, wanda ke ɗumama duniya?

Ƙwarai kuwa. Idon mutum ne kawai ba ya ganinsa. Tashar kwal tana sakin kusan kilo ɗaya na kabon a kan kowane yunit na wuta, irin yunit ɗin da kake saya a mita. Ta gas kuwa wajen rabin haka, wani lokaci ƙasa da rabi.

Bambancin da ke tsakanin tashoshin gas yana wajen irin injin. Akwai tashar da take ƙona gas ta juya farfela, zafin da ya rage ya tashi sama a banza. Akwai kuma wadda take tare wannan zafin ta tafasa ruwa, tururin ya juya farfela ta biyu, a samu ƙarin wuta ba tare da ƙarin gas ba. Abin da ke damuna, yawancin tashoshinmu irin na farkon ne.

Akwai wata illa bayan kabon?

Akwai, kuma ita aka fi mantawa. Gas ɗin kansa galibi iskar metan ce. Idan ta yi yoyo daga bututu ba a ƙona ta ba, cikin shekara 20 tana riƙe zafi sau 80 da wani abu fiye da kabon.

Ke nan a yi watsi da gas?

Ni dai ban ga haka ba tukuna. Ka shiga layin masu walda ko masu niƙa idan an ɗauke wuta: janareta na ruri, baƙin hayaƙi na shiga hancin yaron shago, sai an ɗaga murya kafin a ji juna. Wannan ya fi tashar gas ƙazanta nesa ba kusa ba. Sai dai Najeriya ta yi alkawari a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021 cewa kafin 2060 za ta daina ƙara wa sararin samaniya kabon, kuma tashar da aka gina yau za ta iya yin shekara 30 tana aiki. Idan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano ya iso, a gina tashoshi masu farfela biyu, a kuma sa ido kan yoyo.