Ƙiyasin daɗewar butalin gaz a risho da fitila

Ƙiyasin daɗewar butalin gaz lissafi ne da ake yi don a san awa nawa, ko kwana nawa, iskar da ke cikin butali za ta kai kafin ta ƙare, idan ana girki da ita a risho ko ana kunna fitila. Abu biyu ake nema: nauyin gaz ɗin da ke ciki, da yawan giram ɗin da wutar ke ci a awa guda. Idan aka raba na farko da na biyu, abin da ya fito shi ne awannin wuta. A Maraɗi an fi tambayar “kwana nawa yake yi?”, amma kwana ba ma'auni ba ne a nan, domin butalin da zai yi wa ɗalibi wata biyu ba zai kai wa mai shayi kwana goma ba. Lissafin ya fi amfanar wanda zai yi nisa da wurin canjin butali: ɗan kasuwa mai bin kasuwannin ƙauye wajen Dakoro ko Mayahi, direban da ke kwana a hanya, da manomin da ke tarewa a gona da damina.

Abin da ke cikin butalin

Gaz na girki butan ne ko furofan, ko gaurayensu, waɗanda aka matse har suka zama ruwa. Butan yana komawa iska a kusan digiri 0, furofan kuwa a digiri 42 ƙasa da sifiri. Lita guda ta ruwan butan ba ta kai giram 600 ba, kuma da kilo ake sayar da gaz maimakon lita. Ba a cika butali maƙil. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na cikinsa fili, saboda ruwan yana kumbura idan ya ji zafi. A Nijar, samun gaz ya ƙaru tun da matatar man Zinder, SORAZ, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2011 da ɗanyen man Agadem, kuma hukumomi suna ƙarfafa amfani da shi don a rage saran itace a dazuzzuka irin na Baban Rafi, inda Maraɗi ta daɗe tana samun makamashi.

Akwai abin da ke ruɗar mutane da yawa. Matsin iskar da ke cikin butali ba ya raguwa daidai da raguwar ruwan. Muddin akwai sauran ruwa a ƙasa, zai ci gaba da tururi yana cike gurbin abin da aka ƙone, kuma matsin zai tsaya kusan wuri ɗaya. Zafi ko sanyin butalin ne ke ɗaga shi ko ya sauke shi. Saboda haka agogon matsi da ake ɗaura wa wasu butali ba ya faɗin rabi ne ya rage ko kwata. Allurarsa tana faɗuwa ne bayan ruwan ya kusan ƙarewa, lokacin da labarin bai da sauran amfani.

Girma da cin wuta

A gidajen Maraɗi an fi sanin butali mai kilo 6, wanda ake ɗaura wa kan wuta kai tsaye a bakinsa a aza tukunya, da babba mai kilo 12 ko 12 da rabi, wanda ake haɗawa da risho ta tiyo da detandar, wato na'urar rage matsin iska. Akwai kuma ƙarami mai kilo 3. Na tafiya su ne gwangwanaye: mai giram 190 da ake hudawa, masu zare na giram 100, 230 da 450, da dogon gwangwani mai kimanin giram 220 da ake kwantarwa a gefen risho mai faɗi. Lambar da aka rubuta nauyin gaz ɗin ce kaɗai, ban da ƙarfen.

Kilo guda na butan yana ba da zafi kimanin kilowat-awa 13 da ɗan ɗori. Daga nan ake samun ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wannan fanni: duk kilowat guda na ƙarfin wuta, wato wat 1000, yana cin giram 72 zuwa 73 a awa. Masu ƙera risho suna rubuta ƙarfinsa a jikinsa ko a kwalinsa, wani lokaci da wat, wani lokaci da giram a awa. Ƙaramin rishon tafiya mai wat 1250 yana cin giram 90 a awa, mai wat 2200 yana cin giram 160, babban kai mai kilowat 3 kuwa yana kusantar giram 220. Waɗannan lambobi na wutar da aka buɗe har ƙarshe ne. Girki na gaskiya ba haka yake tafiya ba: ana buɗe wuta a tafasa ruwa, sannan a rage ta miya ta nuna a hankali, kuma ragaggiyar wuta tana iya cin ƙasa da rabin abin da aka rubuta.

Fitilar gaz, mai ƴar raga da ke yin fari fat idan ta yi zafi, cinta kaɗan ne a awa, giram 30 zuwa 40 ga ƙananan. Gwangwani mai giram 190 yana riƙe ta kimanin awa 5. Sai dai fitila ba a kashe ta bayan minti ashirin kamar risho, ana barin ta daga magariba har a kwanta, don haka a lissafin mako tana iya cinye fiye da sulusin gaz ɗin. Mafi yawan abin da take ƙonawa ma zafi yake zama. A garin da rana ba ta ƙaranci, fitilar sola ko tocila mai caji ta fi dacewa da haske, a bar gaz ga tukunya.

Misalan lissafi

A ɗauki butali mai kilo 6, wato giram 6000. Idan kan wutar yana cin giram 180 a awa kuma kullum a buɗe yake, zai yi awa 33. Idan matsakaicin cinsa giram 100 ne, awa 60. Gidan da ke kunna wuta awa 2 a yini da matsakaicin giram 130 yana ƙone giram 260, butalin zai kai kwana 23. Mai shayi da ke soya ƙwai safe da dare, awa 5 a yini da giram 150, yana cin giram 750, kwana 8 ke nan.

Matafiyi mai risho da fitila sai ya haɗa su. A ce girki awa 1 da rabi da giram 120, ya zama 180. Fitila awa 3 da giram 38, ya zama 114. Jimla kusan giram 300 a yini. Butali mai kilo 3 zai yi kwana 10 a takarda, amma mai hankali zai lissafa 8, ya bar sauran don iska da baƙo. Da gwangwanin giram 190 zai yi wannan tafiya, mako guda sai ya ci 11, abin da ke nuna gwangwani na shayin hanya ne da kwana ɗaya ko biyu.

Ga wanda ruwan zafi kawai yake so, akwai hanya mafi sauƙi. Tafasa lita guda daga digiri 25 yana buƙatar zafin da ke cikin giram 7 na butan, amma da yake kusan rabin zafin yana gudu ta gefen tukunya, abin da ake ƙonewa giram 12 zuwa 15 ne. Gwangwani mai giram 190 zai tafasa lita 13 ko kusa da haka idan babu iska.

Abin da ke ɓata lissafin

Iska ce babbar ɓarauniyar gaz. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, harshen wutar yana kaucewa gindin tukunya, kuma girkin da ake yi a tsakar gida ko a fili yana iya cin ninkin na cikin madafa. Kariya da kwano ko bango tana maganin wannan, da sharaɗi guda: kada a kewaye gwangwanin kansa, domin zafi zai taru a jikinsa. Haka ma aza faffaɗar tukunya da ta rufe ɗakin gwangwani a risho mai faɗi haɗari ne. An rubuta a jikin gwangwanayen kada su wuce digiri 50, kuma a Afrilu da Mayu, da zafin Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa, motar da aka rufe a rana tana zarce wannan iyaka.

Sanyin Maraɗi bai kai ya hana butan aiki ba, amma butali yana sanyaya kansa idan ana jan iska da ƙarfi, saboda ruwan yana ɗaukar zafi daga ƙarfen kafin ya zama tururi. Da asubahin sanyi, ƙaramin gwangwanin da ya yi ƙasa sai wutarsa ta yi laushi a zaci ya ƙare, alhali idan aka kashe ya huta zai dawo. Ba a ɗumama shi da wuta ko garwashi ko kaɗan.

Sauran abubuwan na hannun mai girki ne. Murfi a kan tukunya, wutar da ba ta leƙo gefen gindi ba, da jiƙa wake tun dare, duk suna rage awanni. Wuta shuɗiya alamar ƙonewa mai kyau ce. Idan ta yi ja tana baƙanta tukunya, ramukan kan sun toshe ko iska ba ta shiga daidai, gaz yana tafiya a banza kuma tana fitar da iskar kabon monoksaid mai kisa, wadda ba ta da wari. Shi ya sa ba a kunna risho ko fitilar gaz a rufaffen ɗaki ko tanti. Yoyo kuma yana cin butali dare da rana. Warin da ake ji wani sinadari ne da aka ƙara da gangan don a gane yoyo, kuma ana nemansa da ruwan sabulu a bakin butali da mahaɗar tiyo: inda kumfa ta taso, nan ne. Ba a gwadawa da ashana. Sau da yawa ƴar robar bakin ce ta tsage.

Auna abin da ya rage

Sikeli ne kaɗai shaidar da ba ta ƙarya. Ana buga nauyin butali wayam a wuyansa ko a marikinsa, galibi bayan harafin T ko kalmar Tare. A cire kan wuta da mazaunin tukunya, a auna, a ɗebe wancan nauyi. Idan an rubuta kilo 8 kuma sikeli ya nuna 10 da rabi, kilo 2 da rabi ne ya rage. Ƙaramin sikelin rataye irin na masu auna kaya ya isa, kuma yana da kyau a auna tun ranar saye, don a tabbatar an ba mutum cikakken kilonsa.

Da sikelin ake gane ainihin cin gida, wanda ya fi lambar kwali gaskiya. A auna butali yau, a yi girki yadda aka saba kwana 7, a sake aunawa, a raba bambancin da 7. Wanda ya ga giram 1750 sun tafi ya san cinsa 250 ne a yini, kuma daga nan zai iya faɗin ranar canji tun kafin ta zo, kamar yadda uwargida ke sanin kwanakin da buhun hatsi zai yi daga tiyar da take ɗiba.

Inda babu sikeli, ana zuba ruwa mai ɗumi a gefen butali a shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ƙarfen ya fara sanyi, nan saman ruwan gaz yake. Bayan an daɗe ana girki, musamman da damina, raɓa kan fito a jikin butali ta nuna wannan layi da kanta. Gwangwani kuwa ana iya tsoma shi a bokitin ruwa a kwatanta nutsewarsa da ta cikakke da ta wanda ya ƙare. Girgiza butali a ji motsin ruwa tana nuna akwai saura, amma ba ta faɗin ko nawa ne.